Kwali na Ashirin da Shida

A kasuwar Kantin Kwari ta birnin Kano ya tashi. Tun yana ɗan shekara goma, in an taso daga makaranta, sai ya zarce shagon mahaifinsa, inda ake sayar da atamfa da shadda da leshi. A can ya fara koyon lissafi. Kafin mai saye ya rufe baki da cewa turmi bakwai yake so, yaron ya riga ya san jimillar kuɗin, ya san ragin da za a iya yi, ya kuma san abin da zai saura na riba. Maƙwabtan shago sukan ce, "Alhaji, wannan yaron naka akwai kai." Alhaji kuwa ba ya tankawa, domin ba al'adar Bahaushe ba ce ya yabi ɗansa a gaban jama'a, balle ɗan fari.

Saboda haka, a shekarar 2021 da ya sami tallafin karatu zuwa Riyad don ya karanta kasuwanci da gudanarwa, abubuwa uku ne suka tsaya masa a rai: Larabci, da zafi, da kewar gida. Lissafi bai ko zo masa a zuciya ba.

In aka ambaci Saudiyya, Makka da Madina da Jidda ne ke fara zuwa wa Bahaushe a rai, domin nan ne alhazai suka sani. Riyad kuwa tana can tsakiyar ƙasar, a kan tudun Najd, tafiyar kusan kilomita 900 daga Makka. Ita ce babban birnin ƙasar, kuma ƙidayar 2022 ta nuna cewa mazaunanta sun kusa miliyan 7. A nan aka kafa jami'ar farko ta ƙasar a 1957, wadda ake kira Jami'ar Sarki Saud. Akwai kuma Jami'ar Imam Muhammad bin Saud, da Jami'ar Gimbiya Nura ta mata zalla, da wasu masu zaman kansu. A ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnati na birnin ne saurayin ya sami gurbi. Ya shekara guda yana koyon Larabci, ya saba da shiga aji ranar Lahadi da hutawa Juma'a da Asabar, sa'an nan ya shiga kwalejin kasuwanci.

A jerin darussan zangon farko akwai wani mai suna kalkulas. Larabawa suna ce masa hisabut tafaduli wat takamul. Da Hausa ana iya kiransa lissafin canji. Lissafin da aka saba da shi a kasuwa yana amsa tambayar "nawa ne?" Shi kuwa kalkulas tambayarsa ita ce, "da wane sauri abin yake canzawa?" Direban da ya tashi daga Kano zuwa Zariya zai iya raba nisan tafiyarsa da lokacin da ya ɗauka, ya sami matsakaicin gudunsa. Amma allurar da ke gabansa a mota tana nuna masa gudunsa na wannan daƙiƙar da yake ciki. Kalkulas hanya ce ta gano abin da allurar ke nunawa, ko a mota, ko a farashi, ko a riba.

Ba haka saurayin ya fahimci abin ba da farko. Littafin da Turanci aka rubuta shi, malamin yana bayani rabi da Turanci rabi da Larabci, shi kuma yana tunani da Hausa. Har ma kalmomin da ya ɗauka ya sani sukan yaudare shi. Wata rana malamin ya tambayi wanda ya taɓa zaman shago. Ya ɗaga hannu, ya ce da Larabcinsa na sabon koyo mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kullum yana samun riba. Aji ya yi tsit, can sai dariya ta ɓarke. A Hausa riba halal ce, ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan ciniki. A Larabci kuwa wannan ribh ake ce masa, kalmar riba kuma tana nufin kuɗin ruwa, wanda addini ya hana. Daga ranar bai ƙara ɗaga hannu ba.

Da ya ga bayani ba ya shiga, sai ya koma ga makamin da ya fi amincewa da shi, wato hadda. Yaron da ya yi makarantar allo ba ya tsoron haddace shafi. Ya haddace cewa x² yana komawa 2x, x³ yana komawa 3x². Ya haddace ƙa'idar abu biyu da aka ninka da juna, da ta abu biyu da aka raba. In an ba shi haruffa da lambobi, sai ya juya su kamar mai jan carbi, amsa ta fito. Abin da amsar take nufi kuwa, oho.

Jarrabawar tsakiyar zango ta tona asiri. Tambayoyin ba haruffa ba ne tsirara, labarai ne: wani kamfani yana ƙera kaya kaza, kuɗin da yake kashewa kaza ne, guda nawa ya kamata ya ƙera? Ya karanta, ya sake karantawa, ya rasa inda zai sa ƙa'idodin da ya haddace. Maki 9 ya samu cikin 30.

Ranar bai ci abincin dare ba. Takardar da ya sa wa hannu lokacin karɓar tallafi ta faɗi ƙarara cewa wanda makinsa ya yi ƙasa ana iya sallamarsa. Ya tuna ranar tafiyarsa, yadda 'yan layinsu a kasuwa suka yi masa karo-karo, da yadda mahaifiyarsa ta sayar da awarwaronta ta saya masa kwamfuta. Ya tuna kuma cewa Alhaji tun farko bai so tafiyar ba. Cewa ya yi, "Kasuwanci a kasuwa ake koyonsa." In ya koma Kano hannu rabbana, kuma a ce lissafi ne ya kayar da shi, da wane ido zai dubi mutanen Kwari?

A ajin akwai wani ɗan ƙasar, baƙin mutum, wanda sunansa ya ƙare da Alhausawi. Irin waɗannan iyalai suna da yawa a Saudiyya, musamman a Makka da Madina da Jidda. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu don aikin hajji, wasu don gudun mulkin Turawa bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903, suka zauna ba su koma ba. Wannan ɗalibin yana jin Hausa irin ta kakarsa, mai tsofaffin kalmomi gauraye da Larabci. Da ya ga takardar abokinsa bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ranar Asabar ka raka ni wajen kawuna. Yana son ya ji Hausar Kano."

Kawun yana sayar da dabino a kasuwar Utaiƙa, a kudancin Riyad. Ga sukkari na Ƙasim, ga khalas na Ahsa, ga ajwa ta Madina, kwali kan kwali. Da saurayin ya ji hayaniyar ciniki, sai ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Aka gaisa, aka kawo gahawa. Yana zaune wani mai saye ya zo ya taya kwalin sukkari riyal 80. Tsohon ya ce albarka, 90 ne. Mutumin ya wuce.

Saurayin ya ce, "Kawu, nawa kuka saro shi?"

"Arba'in."

"To, ai ko a tamanin ɗin akwai ribar arba'in. Me ya sa kuka bar shi ya tafi?"

Tsohon ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗana, kasuwa ba ta da sirri. In na rage wa wannan, kafin azahar kowa ya ji. Ba kwali ɗaya na rage wa kuɗi ba, duk na ranar na rage wa. Na gwada. In na sa ɗari, nakan sayar da kamar ashirin. In na rage riyal biyu, sai in ƙara mai saye ɗaya. Amma akwai inda in ka wuce, ciniki yana ƙaruwa, aljihu yana ramewa."

Abokin nasa ya yagi gefen wani kwali, ya miƙa masa biro, ya ce, "Kai da aka ce kanka na ja, lissafa mana."

Wannan irin lissafin kuwa shi ya iya. Kwali 20 a kan riyal 100, ribar kowanne 60, jimilla 1,200. In ana so a sayar da 21, dole farashi ya sauko 98. Ciniki ya tashi daga 2,000 zuwa 2,058, wato ƙarin 58, an kuwa sayi kwalin a kan 40. Ke nan kwali na 21 riyal 18 kacal ya ƙara wa riba, ba 58 ba, domin ya ja wa sauran ashirin ɗin ragi. Ya ci gaba. Na 22 ya ƙara 14, na 23 ya ƙara 10, na 24 ya ƙara 6, na 25 ya ƙara 2. A nan farashi ya kai 90, riba ta kai 1,250. Da ya zo kan kwali na 26 sai biro ya tsaya. Farashi 88, ciniki ya ƙaru da 38, kwalin kuwa 40 aka saye shi. Riba ta ragu da riyal 2. In an kai kwali 30 a kan riyal 80, riba ta koma 1,200, daidai da ta mai sayar da 20, ga kuma wahalar ɗaukar kaya a banza.

Sai abokin ya karɓi biron ya rubuta a ƙasa: riba = 100x − 2x². Ya ce, "Yi mata abin nan da ka haddace." Saurayin ya rubuta 100 − 4x. "To, yaushe wannan zai zama sifiri?" Ya duba, ya ce, "In x ya zama 25."

Ya daɗe yana kallon guntun kwalin. Abin da ya yi ta juyawa wata biyu ba tare da ya san sunansa ba, ashe amsar tambaya ce da ya sha ji a shagon mahaifinsa: in na ƙara ɗaya, me zai ƙaru? Muddin amsar tana sama da sifiri, a ƙara. Ranar da ta faɗo ƙasa da sifiri, an wuce gona da iri. Ya tuna hawan Dutsen Dala yana yaro. Ana hawa ƙafa tana jin tudu, ana sauka tana jin gangara, amma a can ƙololuwa ƙasa a shimfiɗe take, babu hawa babu sauka. Inda tudu ya ƙare gangara ba ta fara ba, nan ne wuri mafi tsawo. Shi ya sa ake neman inda canji ya zama sifiri.

Abu ɗaya ya rage masa. A kan kwali 20, ƙa'idar ta ba da 100 − 80, wato 20, shi kuwa 18 ya samu da hannunsa. Da dare a ɗakin kwana ya sake zama. Ya gwada ƙarin rabin kwali maimakon ɗaya, ya ga riba ta ƙaru da 9.5, wato 19 ga cikakken kwali. Ya gwada rubu'i, ya sami 19.5. Duk sa'ad da ya ƙanƙanta takun, sai amsar ta ƙara matsawa kusa da 20. Wannan shi ne babin farko na littafin, wanda ake kira iyaka, Larabawa kuma su ce nihaya, babin da ya tsallake don ya ga babu abin haddacewa a ciki. Dabino ana ƙirga shi kwali-kwali, amma man fetur da gari da lokaci ana iya rarraba su ƙanana yadda aka ga dama, kuma don irinsu aka gina wannan ilimi.

Ranar Lahadi ya je ofishin malamin da guntun kwalinsa. Malamin ya duba, ya yi dariya, ya ce ai abin da ya gano tsohon zance ne. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus su ne suka tsara kalkulas a ƙarni na 17, kowa da hanyarsa. Leibniz ya buga nasa a 1684, kuma alamominsa ne ake amfani da su har yau. Newton motsin taurari da faɗuwar abubuwa ne suka dame shi. Sai a 1838 wani Bafaranshe, Augustin Cournot, ya fitar da littafin da ya shigo da wannan lissafi cikin sha'anin kasuwa. Misalin da ya kafa shi ne na mutumin da ya mallaki wata maɓuɓɓugar ruwa shi kaɗai, yana neman farashin da zai fi kawo masa kuɗi. Tambayar mai ruwan ita ce tambayar mai dabino.

Sa'an nan malamin ya buɗe takardar jarrabawarsa, ya nuna masa wani abu da bai lura da shi ba. Ko a wuraren da ya kama hanya daidai, yakan yi tuntuɓe wajen buɗe baka da haɗa haruffa. Wannan ba kalkulas ba ne, aljabara ce, ilimin da ya samo sunansa daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. Ya ce masa ɗalibai da yawa da ke kuka da kalkulas, in an bincika, tushen ginin ne bai zauna ba. Ya ba shi tambayoyi na matakin sakandare ya ce ya je ya yi. Abin ya yi masa ciwo, amma ya yi. Matambayi ba ya ɓata.

Daga nan ya sauya yadda yake karatu. Kowace tambaya ya samu, kafin ya taɓa biro, sai ya mai da ita Hausa, ya kai ta Kantin Kwari. Kamfani ya zama shago, kaya su zama turmi. Da aka zo rabi na biyu na darasin, wato tattara ƙananan canje-canje a sami jimilla, sai ya tuna tulun da ake tarawa a ƙarƙashin indararo: in ka san ƙarfin zubar ruwan a kowane lokaci, ka san abin da zai taru. A ƙarshen zango ya ci jarrabawa. Makin ba na yin taƙama ba ne, amma ya riƙe masa gurbinsa.

A hutun 2023 ya koma Kano da zumuɗin nuna abin da ya koyo. A littafinsu akwai wata ƙa'ida da wani Ba'amurke, Ford Harris, ya wallafa a 1913, game da yawan kayan da ya kamata a riƙa sarowa a kowace tafiya. In ka saro da yawa, tafiya ta ragu amma kuɗin ajiya ya ƙaru. In ka saro kaɗan, ajiya ta yi sauƙi amma tafiya ta yawaita. Akwai wani adadi a tsakani inda jimillar biyun ta fi ƙanƙanta, kuma da kalkulas ake gano shi.

Ya zauna da littafin shago kwana uku. Akwai wata atamfa da Alhaji ke sayar da kamar turmi 1,200 a shekara, yana saro 600 daga Legas sau biyu. Kowace tafiya tana cin kimanin naira 60,000. Ajiyar turmi ɗaya na shekara, in an haɗa hayar sito da gadi da ɓarnar gara da kuɗin da ke kwance, ya ƙiyasta ta a kan naira 1,600. Ƙa'idar ta ce a saro 300 sau huɗu. Hakan zai rage kashe kuɗi daga naira 600,000 zuwa 480,000 a shekara.

Bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, ya durƙusa gefen mahaifinsa ya ce, "Baba, na ga wata hanya da za ku rage asara." Ya yi bayani dalla-dalla. Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbinsa. Sa'an nan ya ce, "Na ji. To, kuɗin turmi ɗari ukun da ka ce kada in saya yanzu, in na ajiye su wata uku, turmi nawa za su sayo mini?"

Saurayin ya buɗe baki, ya rufe. A watan Yuni na shekarar, Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira. Dalar da ake canzawa kimanin naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kuma a farkon 2024 ta wuce 1,400. Ƙa'idar Harris ta ɗauka cewa farashin kaya yana nan inda yake. A Riyad, inda aka ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala ɗaya tun 1986, ɗalibi zai iya gama zango bai lura da wannan sharaɗin ba. A Kwari kuwa, in turmi ya ƙara naira 1,000 cikin wata uku, wanda ya sayi ƙarin 300 tun da wuri ya tsira da naira 300,000, alhali dabarar ɗan nasa 60,000 kawai za ta ceto a rabin shekara.

Kunya ta kama shi. Amma da ya kwana yana juya maganar, sai ya ga Alhaji bai rushe lissafin ba. Wani canji ne ya nuna masa wanda shi ya manta bai sa a ciki ba, wato saurin tashin farashi. Tsohon bai taɓa jin sunan Leibniz ba, amma auna gudun abu biyu yake yi, gudun kuɗin ajiya da gudun faɗuwar naira, ya ga wanne ya fi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai kuma akwai abin da biro ke iya yi wanda ido ba ya yi: ya faɗi daidai inda ma'aunin zai juya. Da safe ya sake lissafin, ya sa tashin farashi a ciki, ya fitar da iyakar da in tashin ya sauko ƙasa da ita, sarin kaɗan-kaɗan zai fi.

Ya kai wa mahaifinsa takardar. Alhaji ya sa tabarau, ya dube ta sama da ƙasa, ya ga haruffan Turanci da alamomin da bai sani ba. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya jawo babban littafin shago, wanda ba ya barin kowa ya rubuta kome a ciki, ya buɗe shafin ƙarshe, ya tura masa.

Ya ce, "Rubuta mini shi a nan. Amma da Hausa."